Injin Lawwali a Bakin Rijiyar Tungar Idi

A shekarar 1984 abu biyu ne suka rufe wa mutanen Illela: iyaka da sama. Ita iyakar, gwamnati ce ta rufe ta a watan Afrilu, ta kuma sanar a rediyo kamar yadda ya dace. Sama kuwa ba ta sanar da kowa ba. Ruwa ya sauka sau huɗu, gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya yana jira, a ƙarshe ya bushe a tsaye.

Lawwali mai gyaran keke da babur ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi a wata rumfa a bakin hanyar Ƙonni, yana gyara wa masu tsallaka iyaka abin hawansu. Da aka rufe, kekunan ba su daina tafiya ba, sai dai sun daina bin hanyar da ta ratsa ta gaban rumfarsa. Ya yi wata shida yana korar ƙuda daga kan kayan aiki, sannan ya tattara su a buhu, ya ɗauki matarsa Zuwaira da 'ya'yansu, ya koma ƙauyensu Tungar Idi da ke ƙasar Lafani, inda ake da gida talatin da 'yan kai.

Rijiya uku ƙauyen yake da su. Biyu sun ƙafe tun kafin kaka ta wuce, saura ɗaya ta gabas da gari, mai zurfin gaba goma sha takwas. Samanta an ɗaure shi da zoben siminti, amma gaba huɗu na ƙasa itace ne aka gicciya, aikin wani tsohon mahaƙi mai suna Maharazu, wanda ya haƙa ta tun yana da ƙarfi. Duk wanda ya rage a Tungar Idi don wannan rijiya ya rage. Ranar da ta tafi, garin ya tafi, kuma kowa ya san haka, shi ya sa ba a zancensa.

Kullum da safe Lawwali yakan taya Zuwaira jan guga. Kafin a cika tulu huɗu, tafin hannunta da ya riga ya tsage yakan bar jini a jikin igiya. Shi kuwa yana ja yana kallon iska tana kaɗa rassan aduwa, iska mai ƙarfi, wadda ba ta da aikin yi tun safe har yamma. Ya taɓa ganin wani injin iska na Turawa a wata gona a ƙetaren iyaka, dogo, mai fukafukan ƙarfe, yana ɗaga ruwa ba mai taɓa shi. Bai san yadda cikinsa yake ba, amma ya san keke, kuma a ganinsa duk abin da ke juyawa ɗan'uwan keke ne.

Ya fara da durom ɗin da suke tara ruwa a gida. Ya tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa. Zuwaira ta tsaya tana kallo har ya gama, sannan ta tambaye shi cikin ladabi ko akwai wani abu kuma a ɗakin da yake so ya raba biyu, ta fito masa da shi tun rana ba ta yi ba. Ya kafa ɓarin biyu a jikin dogon ƙarfe, kowanne yana kallon wani gefe, yadda iska ko daga ina ta taso za ta sami inda za ta tura. A gindin ƙarfen ya haɗa haƙoran gatarin baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, na wata matacciyar mota Fijo da ya ciro a bayan tashar Illela, su kuma suka juya wilin keke da ya rataya a bakin rijiya. A kan wilin ya ɗora igiya mai zagaye, wadda ya jera wa 'yan faya-fayan roba da ya yanka daga tsohuwar taya. Igiyar tana sauka cikin ruwa, ta hauro ta cikin bututu, kowane faifai yana turo rabonsa na ruwa a gabansa.

Wata biyu ya yi yana wannan aiki. Masu zaman gindin bango suka sami abin yi. Wani ya ce Lawwali jirgin sama yake ƙerawa don ya tsallake iyaka ba tare da takarda ba. Wani ya ce a'a, hasumiya ce, yana neman ladanci. Sau biyu igiyar tana tsinkewa, sau ɗaya iska ta kwantar da abin gaba ɗaya, ta kusa haɗawa da jakin mai gari.

Ranar da ruwa ya fara fitowa daga bakin bututu, siriri da fari, sannan kamar kaurin hannun jariri, jama'a suka taru suna sauraron kukan ƙarfe da zubar ruwa a kwami. Masu zancen jirgin sama suka tuna cewa su dama tun farko sun san abin zai yi. Mai gari Maccido ya sa albarka. Maharazu kaɗai ne bai dubi ruwan ba. Ya zagaya injin sau biyu yana dogara sanda, ya leƙa rijiyar, ya daɗe yana leƙe.

"Lawwali," in ji shi, "mi ka tsai da abinga in ya hwara?"

"In iska ta kwanta shi ma ya kwanta, Baba."

"To ita iskar ta san zurhin rijiya?"

Tsohon ya zauna a kan kwami ya yi masa bayani yadda ake yi wa yaro, ko da yake Lawwali ya ba arba'in baya. Ya ce ƙasan wannan rijiya rairayi ne mai laushi kamar gari, kuma ba itacen da ya gicciya ne kaɗai ke riƙe da shi ba, nauyin ruwan da ke kwance shi ke danne shi. In ruwa ya yi ƙasa da kamu biyu, idon rijiya zai riƙa bulbulowa da gaggawa, ya jawo rairayi daga bayan itacen, har ya bar rami inda ido ba ya gani. Ya ce hannun mutum bai taɓa kai ta nan ba, domin kafin ruwa ya kai wannan gaɓar masu ja sun gaji sun tafi gida. Ya ba shi wata igiya mai dutse a baki da ƙulli a kamu biyu, ya ce kullum ya auna.

Lawwali ba mai girman kai ba ne. Washegari ya ɗaura wa injin wani hannu na ƙarfe, ya kafa turke, ya yi zarge da igiya mai kauri. Da asuba yakan kwance, ya tsaya yana aunawa, da zarar jiƙar igiyar awon ta sauko kan ƙullin sai ya jefa zargen ya ɗaure injin a turke kamar doki, ya bar rijiya ta huta har gobe. Haka aka yi mako biyar. Hannun Zuwaira ya warke. Da ruwan da ke malala daga kwami ta yi 'yan fangali na yakuwa da albasa, kore na farko da aka gani a garin tun bara. Gida biyu da suka ɗaure kaya za su tafi kudu suka kwance.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da al'adar ƙasar. Ba a hana baƙo ruwa. Ba a rubuta wannan doka a kowace takarda ba, ba a manna ta a ƙofar kowane ofishi ba, wataƙila shi ya sa ake bin ta. Mutum zai iya hana ka gero, ya hana ka aron jaki, gobe ku gaisa lafiya. Wanda aka ce ya hana mai ƙishi ruwa kuwa, jikokinsa ma sai an tuna musu. Amma tun kakanni mutanen Tungar Idi ba su taɓa jin nauyin wannan doka ba. In makiyayi ya zo, sai a yi masa maraba, a nuna masa rijiya, har a ara masa guga. Gaba goma sha takwas ce. Ƙaƙƙarfan mutum ya shayar da saniya goma, kafaɗunsa su mutu, ya kaɗa sauran ya yi gaba neman inda ruwa ya fi kusa. Ba wanda ya ce masa a'a. Igiya ce take faɗa, mutanen gari kuma suna riƙe da mutuncinsu cikakke. Ba wanda ya taɓa lura da wannan hidima da igiya take yi musu, har shi Lawwali da ya sallame ta daga aiki.

Ran wata Talata da hantsi, cikin bazarar 1985, bayan ya ɗaure injin, sai ga garke ya ɓullo daga arewa, ta dajin da ba shi da shinge ba shi da jami'i. Shanu wajen sittin ne, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, a bayansu mata da ƙananan yara a kan jakuna. Babbansu wani dattijon Bafillace ne mai suna Ja'e. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa a tsanake, ya tambayi gida da gajiya kamar wanda ya zo yawon zumunci. Ya ce da shanu ɗari uku suka taso. Sannan ya ɗaga kai ya dubi injin.

"Mun ji labari tun can ƙetare," in ji shi, "an ce kuna da rijiya wadda mai janta ba ya gajiya."

Bai roƙi kome ba. Ya koma inuwar aduwa ya tsuguna.

Lawwali ya auna ruwa, ya ga yana kan ƙulli daidai. Ya tafi wurin mai gari. Maccido ya saurare shi da kyau, ya yi nazari, sannan ya yanke hukunci cewa ruwa na Allah ne, inji kuwa na Lawwali ne, saboda haka shi mai gari ba shi da iko a kan ko ɗaya daga cikinsu. Ya tafi wurin Maharazu. Tsohon ya ce abin da ya faɗa ya faɗa, kamu biyu ne, ba a rage ko ɗan yatsa. Da Lawwali ya roƙe shi ya zo ya maimaita wa baƙin da bakinsa, tunda shi ne babba, sai ya ce shi mahaƙi ne, da ƙasa ya saba magana, ya shige ɗaki ya ja asabari.

Lawwali ya dawo da guga a hannu, ya miƙa wa Ja'e kamar yadda iyayensa suka saba yi, idonsa a ƙasa. Dattijon ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Mazan da ke tare da shi su uku suka kama igiya. Sun ɗago guga biyu, a na uku ɗayansu ya saki, ya zauna daɓas yana haki, ya kasa tashi. Shanun suka yi cincirindo a kan kwamin da ba kome sai danshi, suna lasar siminti. Wata saniya ta durƙusa a kan gwiwoyinta na gaba, ta tsaya a haka. A daidai lokacin iska tana kaɗawa sosai, injin yana fizgar zargensa yana kuka a kan idon kowa. Mutanen gari da suka taru duk suka sami wani wurin kallo. Baƙin ma ba wanda ya dubi turken. Rashin duban nan ne Lawwali ya kasa ɗauka. Da, ba wanda ke hanawa. Yau ga ƙulli, kuma kowa ya san hannun da ya ƙulla shi.

Ya ce a ransa ɗan kaɗan ne, ya kwance injin.

Shanu sittin ba sa shan ɗan kaɗan. Da la'asar da ya auna, dutsen ya taɓa ƙasa, jiƙar ba ta kai kamu ɗaya ba. Ya yi alkawari tsakaninsa da kansa cewa gobe ba zai sake ba. Da gari ya waye rijiya ta ɗan farfaɗo, amma akwai sabon garke a gindin aduwa, ga wani kuma ana hangowa. Labarin ruwa ya fi kowace sanarwa saurin tafiya.

A rana ta uku ya gwada ƙarya. Ya zare wata ƙusa, ya ce inji ya lalace. Baƙin suka yi masa jaje da gaske. Ja'e ya aiko a tambaye shi ko akwai abin da za su riƙe masa ko su ɗaga, suka kewaye shi suna miƙo masa kayan aiki. Mutanen gari kuwa, waɗanda tulunansu ke jere babu ruwa, suka fara tambayar yaushe gyaran zai ƙare. Kafin azahar ya mayar da ƙusar, aka yi masa barka da ƙoƙari.

Da ya shiga gida Zuwaira ta tare shi a bakin madafa.

"Malam, ka buɗe baki ka ce musu ya isa. Kalma guda ta."

"In guda ta, ke tahi ki hwaɗa ma matansu."

Ta ɗaura gyale ta fita da saurin mai gaskiya. Ta daɗe. Da ta dawo sai ta ɗauki tulun da ta ɓoye wa yara a bayan ƙofa, ta sake fita da shi. Daga baya ya ji cewa akwai wata mai jego a cikin matan baƙin da nononta ya ƙafe.

A rana ta shida ruwan ya fito da launin kunu. Jim kaɗan bututu ya fara ƙara kamar ana niƙa, faya-fayan roba suna fitowa da rairayi. Lawwali ya jefa zarge ya ɗaure. Wannan karon ba wanda ya ga laifinsa, domin ko saniya ta sunsuna ta kau da kai. Aka kira Maharazu. Ya zo ya tuɓe riga, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum shida suka zura shi, tsoho mai shekara saba'in. Lawwali yana cikin masu riƙon igiyar. Yana jin motsin tsohon a tafin hannunsa, yana addu'ar ya ji an ce a kawo itace, a kawo ciyawa, a kawo wani abu da hannu zai iya yi. Da aka fito da shi, ya zauna ya kakkaɓe gemunsa.

"Bayan icce akwai ramin da jaki ka iya kwanciya ciki," in ji shi. "Kowa ya ɗebi abin da shika iyawa yau. Kada a bar yara su matso."

Lawwali ya tambaya ko ba za a iya cikewa ba. Tsohon ya ce wanda zai cike sai ya kwanta a ƙarƙashin gaba goma sha huɗu na siminti da babu abin da ke riƙe da shi, in akwai mai so ga igiya nan. Ba a sami mai so ba.

Rijiyar ta ƙara kwana uku. Ran Laraba da rana tsaka aka ji wani sauti mara ƙarfi, kamar an sauke buhu daga kan raƙumi. Da aka je, bakin rijiyar ya karkace, zoben siminti sun hau juna a can ciki, bututun Lawwali ya lanƙwashe ya nutse har wuya. Aka jefa dutse, aka ji ya faɗa a kan busasshiyar ƙasa.

Makiyayan suka tashi a ranar. Ja'e ya zo har ƙofar gida ya yi wa Lawwali addu'a doguwa, ya ce ya ga garuruwa da yawa a wannan tafiya, bai ga mutumin kirki kamarsa ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya bar masa wata karsana kyauta, wadda ba ta iya tashi, kafin magariba aka yanka ta don kada ta zama mushe.

Ba wanda ya zargi Lawwali. Da wane baki? Wanda zai ce don me ka kwance, sai ya fara cewa da shi ne da ya hana. Sai dai gaisuwar da ake yi masa ta ƙara tsawo da tsari, irin wadda ake yi wa baƙo, kuma in ya iso gindin bango sai hira ta koma kan tsadar gero. An yi zancen haƙa sabuwa, Maharazu ya ce aikin wata biyu ne ga mutanen da suka ƙoshi, kuma masu haƙa ma ruwa suke sha. Yakuwar Zuwaira ta bushe cikin kwana huɗu. Gidaje biyun nan suka sake ɗaure kayansu, wasu tara suka bi su. Mai gari ya tura iyalinsa Illela wurin ƙanensa, ya ce na ɗan lokaci ne.

Waɗanda suka rage suka koma ɗibar ruwa a wani ƙauye ta wajen Tozai, tafiyar awa biyu da rabi. Mutanen can suka yi musu maraba, suka nuna musu rijiya, har suka ara musu guga. Lawwali ya bi layi a bayan masu gari, da jarka biyu da jakin aro. Da layi ya zo kansa ya ja, ya ja, ya cika ɗaya da rabin ɗaya, kafaɗunsa suka ƙi. Ya dubi rabin da ya rage, ya dubi na bayansa da ke jira, ya miƙa gugan.

Yana ɗaure jarkokin sai wani magidanci na garin mai suna Mukhtari ya matso kusa da shi, ya rage murya. Ya ce ya ji labarin injin, ya kuma ji abin da ya faru, amma ai rijiyarsu ba irin ta Tungar Idi ba ce, kuma su za su kiyaye awo. Ya nuna masa matansu da ke jan igiya a rana, ya ce in Lawwali ya yarda ya ƙera musu, akwai durom, akwai taya, kuma za a ba shi wurin zama shi da iyalinsa.

Lawwali ya daɗe yana kallon matan. Wurin zama kusa da ruwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya huɗu.

"Malam Mukhtari," in ji shi, "garinku akwai wanda ka iya duban mai ƙishi ya ce mishi babu?"

Fuskar mutumin ta canja, ya ja da baya taki ɗaya.

"Allah shi kiyaye. Mu ba mu gaji haka ba."

Lawwali ya ce ya sani, ya ba shi haƙuri. Ya ƙara ɗaure jarkar da ba ta cika ba don kada ta yi ta girgiza a hanya, ya kaɗa jakin suka nufi Tungar Idi.